Ranar da Dogara Ya Warware Waya

Dogara ya ɗaga wayar sama ya duba ta a hasken ƙofar shago, ya murza ta tsakanin yatsu, sannan ya kai baki ya ɗan cije ta kamar mai gwada ko gyaɗa ta bushe.

"Alhaji, wannan ne wayan?"

"Ita aka rubuta a takarda, Injiniya," in ji Alhaji Ubaidullahi, mai shagon kayan lantarki a bakin kasuwar Kafanchan. Ko kai bai ɗaga ba, yana ta jera ƙwayayen fitila a kanta.

Wayar dai ba abin kallo ba ce. Silili biyu ne sirara, ɗaya fari ɗaya shuɗi, an murɗe su da juna tun daga farko har ƙarshe kamar igiyar ɗaure akuya. Dogara kuwa ya yi shekara talatin da ɗaya yana hawa turakun wayar reluwe, cikin rana da cikin ruwa, kafin ya yi ritaya. Takardar injiniya ba shi da ita, amma duk unguwar bayan tasha Injiniya ake kiransa, shi ma bai taɓa gyara wa kowa ba. A saninsa, waya ta ƙwarai ita ce wadda in ta tsinke ta zabge ka sai ka yi sati kana jinya.

"Ba ni wancan, mai ja da baƙi. Ka ga kauri."

"Ta wuta ce. Da ita ake ja wa gida lantarki."

"To wancan baƙin, mai zagaye."

"Ta eriyar talabijin ce."

"Alhaji, magana daga Fatakwal zai taso. Ka san nisan Fatakwal? Ta yaya maganan namiji babba zai bi cikin wannan zare ya iso da ƙarfinsa?"

Alhaji Ubaidullahi ya ajiye ƙwan da ke hannunsa ya yi murmushi irin na wanda aka riga aka ja wa kunne. Ya ce, "Injiniya, bari in gaya maka gaskiya. Matarka, Maman Meshak, ta biyo nan jiya bayan sun tashi daga zumuntar matan coci. Ta ce in na kuskura na ba ka wata waya ba wadda ke cikin takardar nan ba, matan zumunta kaf za su koma sayen ƙwan fitila a shagon ƙasa. Ni kuwa ba ni da ƙarfin faɗa da matan zumunta. Kuma ka riƙe ta da kyau, ita ce ta ƙarshe. Sai Talata kaya za su zo daga Kaduna."

Ya juya takardar don ya naɗe ta, sai ya ga wani rubutu da fensir a bayanta. "Wannan fa? Simon? Shi ma kaya ne?"

Dogara ya fizge takardar ya cusa a aljihun gaba. "Ba ruwanka da wannan."

Ya rataya naɗin wayar a kan keke ya kama hanyar gida, yana tuƙi yana tsaki.

Abin da ya sa gidan Dogara ya kwana biyu ba a zaune ba shi ne wasiƙar Meshak, ɗansu na fari. Shekara huɗu ke nan uba da ɗa ba su yi magana ba. Dogara ya yi ta zirga-zirga, ya durƙusa wa mutanen da a da su ke riƙe masa tsani, har ya samo wa yaron gurbi a reluwe. Yaron ya yi wata biyu ya ajiye aikin, ya kuma faɗa a gaban mutane, a bakin coci, cewa, "Baba, reluwe ya mutu, kai kaɗai ne ba ka ji labari ba." Daga nan ya tafi Fatakwal ya kama aiki a jirgin ruwa.

Bayan shekara biyu ya bugo waya ofishin tasha, aka aiko aka kira uban. Tarhon tasha na wancan lokaci sai ka rantse ana soya ƙosai a cikinsa, amma duk da haka Dogara ya ji abin da yaron ya ce sarai. Ya ce, "Baba, ka yafe mini." Dogara kuwa ya buɗe murya ya ce, "Halo? Halo? Layin ba kyau!" Ya kife tarho ya dawo gida ya ce wa matarsa Martha ba a ji komai ba. Martha ta dube shi kawai. Shekara talatin da biyar suna tare, ta san kalar fuskarsa in ya yi ƙarya.

Yanzu ga shi a wannan damina ta 1996 an kafa sabon injin tarho a garin, wanda ake kira dijital, kuma Martha ta bi layi ta bi layi har aka ba gidansu lamba. Ta aika wa ɗanta lambar, shi kuma ya rubuto cewa matarsa ta haifi namiji, za a kai shi coci ran Lahadi, kuma bisa al'adarsu kaka ne ke ba jikan fari suna. Zai bugo ran Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Ran Litinin jirginsu zai tashi, sai bayan wata huɗu. A ƙasan wasiƙar ya ƙara layi ɗaya: "Mama, in wannan karon ma layin ba kyau, na gane, ba zan sake damunsa ba."

Yau ce Asabar ɗin.

Ma'aikaciyar ofishin tarho, wata mace mai suna Scholastica, ta zo tun ran Alhamis. Ta kafa akwati a turken bakin titi, ta ajiye tarho ruwan toka a falo, ta auna tsakanin turken da gidan, wanda ke can ciki bayan gidaje biyu. Ta rubuta irin wayar da za a sayo, ta ce za ta dawo ran Asabar da ƙarfe biyu ta ja ta da kanta. Da kanta, ta ce, har sau biyu. Dogara ya ji zafin wannan kalma fiye da yadda ya nuna.

Da ya iso gida ya tarar Martha ta tafi sharar coci. A gindin mangwaron tsakar gida kuwa ga Yuguda zaune, sandarsa a kan cinya. Yuguda Bafulatani ne da ya zauna da shanunsa a bayan gari tun kafin a haifi Meshak. Duk Asabar yakan rako matarsa kasuwa da nono, shi kuma ya zo nan su yi ta musu da Dogara a kan abubuwan da ba su shafe su ba.

Dogara ya jefa naɗin wayar a gabansa. "Dubi abin da yaran yanzu ke kira aiki. Waya biyu sun naɗe juna kamar macizai. A reluwe, in waya ya taɓa ɗan'uwansa, a ranan za a kira ka ofis. Waya biyu kamar layin dogo ne. Su tafi tare, amma kada su haɗu."

Yuguda ya ɗauki bakin wayar ya juya ta a hankali. "Wanda ya tufka wannan ya iya tufka. Ko'ina daidai."

"Inji ne ya murɗe shi garin naɗewa. Kama nan."

"Dogara, ni dai ban taɓa ganin an tufka abu a banza ba."

"Kai da shanu ka sani. Kama."

Haka dattawan nan biyu suka shafe safiya guda suna warware waya. Yuguda ya riƙe fari, Dogara ya riƙe shuɗi, suna zagaya juna a tsakar gida kamar masu koyon rawa, kaji na tserewa daga ƙafafunsu. Da suka gama, Dogara ya bi kowane silili da tsumma yana ja har ya miƙe sambal. Daga nan ya shiga ɗaki ya jawo wata tsohuwar akwati daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai bel ɗinsa na hawa turke da kofunan tangaran guda takwas, irin waɗanda ake ɗaura waya a kansu a turakun jirgi. Ya ajiye su ne tun ranar ritaya, yana goge su duk Kirsimeti, Martha na ce masa ko shayi ba a iya sha da su.

Gaskiya, aikin ya yi kyau. Ya kafa katakai a jikin mangwaro da kusurwar katangar maƙwabta, kowanne da kofi biyu, ya ja wayoyin a miƙe, taki ɗaya tsakaninsu, babu inda ɗaya ta kusanci 'yar'uwarta. Da yake wayar lantarkin da ke shiga injin markaɗen Emilia, maƙwabciyarsu, ta riga ta share hanya, sai ya bi gefenta tiryan-tiryan har bakin titi. Ya ɗaura bel ya hau turke, yana da shekara sittin da huɗu, gwiwoyinsa na ƙara, zuciyarsa fara fat. Mutanen da ke wucewa suka tsaya suna cewa, "Injiniya, ashe har yanzu da saura." Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar da aka yi masa liyafar sallama.

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan ya sauko, ya wanke hannu, ya shiga falo, ya ɗaga tarho ya kara a kunne.

Da farko wani gurnani ya ji, mai kauri, kamar an kulle ƙudan zuma a tulu. A ƙarƙashin gurnanin kuma sai ga muryar mace tana cewa tana gaida yayarta da ke Kagoma, da mijin yayar, da duk wanda ya san ta. Kafin ya gama mamaki sai kiɗa ya tashi.

Ya miƙa wa Yuguda. Yuguda ya saurara ya daɗe, yana gyaɗa kai. "Wannan rediyo ne. Zaɓi-sonka suke yi."

"Dijital ke nan," in ji Dogara, amma muryarsa ba ta fito da ƙarfi ba. "Yana haɗa abubuwa da yawa."

Daidai nan Emilia ta tayar da injinta don markaɗa wa wata mata wake. Gurnanin cikin tarhon ya ninka, har Yuguda ya janye shi daga kunne ya dube shi kamar zai yi cizo.

A haka Martha ta same su. Ta tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu, ta ɗaga kai ta bi wayoyin nan biyu da ido tun daga mangwaro har titi, ta ga kofunan tangaran na walƙiya a rana. Ta shiga falo ta karɓi tarhon ta saurara. Ana gaida wani tela a Kujama.

Ta ajiye shi a hankali. Da ta yi ihu ma da ya fi wa Dogara sauƙi.

"Baban Meshak, yarinyan nan ta ce da kanta za ta ja."

"Na taimake ta ne."

"Ka taimake ta." Ta zauna a hannun kujera. "Ƙarfe huɗu yaron nan zai kira. Zai ji wannan ƙara. Kai za ka ce halo, halo, layin ba kyau. Wannan karon gaskiya za ka faɗa, amma wa zai yarda? Ko ni da na gani da idona, sai na yi addu'a kafin in yarda."

Abin kunyar da Dogara bai iya faɗa ba shi ne, lokacin da ya fara jin gurnanin nan, wani ɓangare na zuciyarsa ya yi sanyi. Kwana shida yana juyi a kan abin da zai ce wa yaron, bai samo ba. Layi mai ƙara kuwa wuri ne mai kyau na ɓuya, ya taɓa ɓuya a ciki ya san daɗinsa. Amma yanzu da ya ga yadda matarsa ta zauna riƙe da tsintsiya, sai tsoro ya kama shi na gaske. Ya gane in yaron ya ajiye tarho yau, shi ke nan, jikan zai girma da sunan da wani ya ba shi.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci Scholastica ta iso a kan babur, da jakar kayan aiki a baya da wani ƙaramin tarhon gwaji rataye a ƙugu. Mace ce mai kimanin shekara talatin da biyar, marar yawan magana, irin waɗanda suka saba shiga gidajen mutane su tarar an riga an yi musu gyara. Ta kashe babur ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne."

"Ban taɓa ganin waya ya miƙe haka ba. A makaranta a hoto kawai aka nuna mana." Ta cire hular kwano. "Ina wanda na rubuta?"

"Shi ne wannan. Na gyara shi."

Scholastica ta rufe ido na ɗan lokaci, kamar mai addu'ar cin abinci. Sannan ta roƙi a ba ta kujera, ta zauna kusa da shi, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda 'yan kallon da suka fara taruwa a ƙofa ba za su ji ba. Wannan ladabi nata ya ƙara wa Dogara jin nauyi.

"Baba, waya dogo a sama kamar eriya ne. Duk abin da ke yawo a iska yana kwasa, rediyo, wutan lantarki, injin maman can. In waya biyu suna nesa da juna, na kusa da wutan zai kwashi ƙara da yawa, na nesa ya kwashi kaɗan. Wannan bambancin ne kake ji a kunne. In an murɗe su, kowanne yana zuwa kusa, yana komawa nesa, sai su kwasa daidai wa daida. Injin tarho namu yana jin bambanci ne kawai. In babu bambanci, babu ƙara. Ba kauri ake nema ba, murɗin ne aikin."

"Na gaya masa," in ji Yuguda daga gindin mangwaro. "Ba a tufka a banza."

"Mu a reluwe ba mu taɓa murɗe waya ba," in ji Dogara, "kuma jirgi bai taɓa ɓata ba."

"Baba, in tambaye ka. A layinku, wayan da ya tashi a hannun dama, a dama yake isa Jos?"

Dogara ya lumshe ido. Ya ga turakun a idonsa, ɗaya bayan ɗaya, cikin ciyawa. "A'a. Bayan turke kaza sai mu juya su. Na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Akwai ƙarfe na musamman da ake sa wa a wurin."

"Don me?"

"Haka fomanmu ya koya mana. Shi ma haka aka koya masa."

"To shi ne wannan, Baba. Murɗi ne, naku dai a hankali yake tafiya. Ku kuna juyawa bayan turke kaza, mu muna juyawa a kowane ɗan yatsa."

Shekara talatin da ɗaya yana hawa turke yana juya waya, rana na dukansa, bai taɓa tambayar dalili ba, sai yau wata 'yar da aka haifa bayan ya fara aiki ta gaya masa a tsakar gidansa. Ya rasa ko ya ji haushi ko ya ji daɗi. Daga ƙarshe ya gyara zama ya ce, da ƙarfi yadda na ƙofa za su ji, "Ashe a wurinmu kuka koya."

"A wurinku ne, Baba," in ji Scholastica. Martha ta kalli sama.

Saura a samo wata wayar, kuma nan gizo ke saƙa. Ta shagon Alhaji ta ƙare, ɗakin ajiyar ofis a kulle yake sai Litinin, abin da ke jakar Scholastica kuwa bai fi ya kewaye falo ba. Agogon bango ya nuna uku saura kwata.

Yuguda ya tashi ya kakkaɓe riga. "Ku sauko da ita. Abin da aka warware ai ana iya tufkewa."

"Malam, wannan ba igiyan shanu ba ne," in ji Scholastica.

"Da safe na duba ta. Igiya ce, ba ta dai da ƙarfi."

Scholastica ta dubi agogo, ta dubi Martha, ta ɗauko tsani.

Aka sauko da wayoyin aka shimfiɗa su a lungun da ya bi ta gaban gidajen har titi. Yuguda ya ɗaure bakinsu a jikin mangwaro, ya je can ƙarshe ya ɗaura ɗaya bakin a tsakiyar sandarsa, ya ja har suka yi tsam, sannan ya fara juya sandar hannu bisa hannu, yadda yake yi in zai tufka dabaibayi. Murɗi ya fara tafiya a jikin wayar kamar yana da rai. Martha na binsa tana lallashinsa da yatsu don kada ya taru wuri ɗaya. Scholastica na biye da ita riƙe da ɗan guntun da Dogara ya yanke da safe, wanda shatin haƙoransa ke jiki, tana gwadawa tana cewa a ƙara ko a sassauta. Emilia ta kashe injinta ta fito tana korar awaki daga hanya.

Injiniya kuwa, aikin da aka ba shi shi ne ya tsaya a tsakiyar lungu ya ɗaga wayar sama da hannu biyu don kada ta taɓa laka. An ce masa kada ya ja, kada ya gyara, kada ya ba da shawara. Ya tsaya nan hannuwa a sama kamar turke, mutanen da suka yaba masa da safe suna wucewa suna gaishe shi.

"Sannu da aiki, Injiniya."

"Muna gwada wani tsari ne," yake ce musu.

Wata tsohuwa da ke kallo ta ce wannan shi ne tufka da warwara, sai dai su da warwarar suka fara.

Huɗu saura kwata Scholastica ta hau turke. Ta ƙi bin gefen wayar lantarki, ta zagaya da tata ta bayan ɗakin girki. Da ta zo jikin mangwaro ta tsaya ta yi tunani, sannan ta ɗaura wayar a kan ɗaya daga cikin kofunan tangaran. Babu abin da kofin zai ƙara wa layin, ita ma ta sani. Dogara ya gani, ya daina haɗe rai.

Huɗu saura biyar ta ɗaga tarhon falo ta saurara, ta miƙa masa. Wani siririn sauti ne kawai, a miƙe, babu rediyo, babu ƙudan zuma. Bayansa kuwa shiru, irin shirun da bai taɓa ji a cikin tarho ba.

Falo ya cika. Maƙwabta sun zauna har a hannun kujeru, Yuguda ya tsuguna a bakin ƙofa da sandarsa, Scholastica ta ce za ta tsaya ta tabbatar da layi, ko da yake ta riga ta tabbatar. Dogara ya sa rigarsa ta zuwa coci ya zauna a gaban tarhon, hannuwa a kan gwiwa. Huɗu ta buga. Huɗu da biyar. Martha ta fara motsa leɓe. Huɗu da minti goma sha ɗaya tarhon ya yi ƙara, kowa ya zabura har da wadda ta kawo shi.

Dogara ya ɗaga, ya cika ƙirji da iska, ya kwarara murya yadda ake yi a tasha: "Halo! Kafanchan ke magana! Kafanchan!"

"Baba, ba sai ka ɗaga murya ba," in ji Meshak. "Ina jin ka kamar kana gefena."

Muryar ta fito tas, har na kusa suna ji. Ta yi kauri fiye da yadda uban ya san ta. A bayanta wani jariri na ƙananan kuka, wata mace na rarrashinsa.

Suka gaisa. Ya gida, ya aiki, ya ruwa, ya mai jego. Dogara ya tambayi ruwan sama na Fatakwal har sau biyu. Da gaisuwa ta ƙare, ba sauran inda za a bi, sai yaron ya yi ajiyar zuciya.

"Baba, maganan da na faɗa a bakin coci. Ban kyauta ba. Ka yafe mini."

Tsohon hali ba ya mutuwa da wuri. Bakin Dogara ya buɗe da kansa, kalmar ta riga ta hau harshe. "Halo..." ya ce. Martha ta dube shi. Scholastica ta sa ido a silin. Yuguda ya sunkuyar da kai yana kallon sandar da ta tufka wayar.

"Ina nan, Baba," in ji Meshak a hankali. "Ina jin agogon falonmu. Har numfashinka ina ji."

Dogara ya saurari layin, ko Allah zai kawo ɗan gurnani, ko gaisuwar wani tela. Babu komai, sai ɗansa yana jira a ɗaya bakin. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro takardar Scholastica, ya juya bayanta inda ya rubuta sunan mahaifinsa da fensir tun ran Alhamis.

"Sunan yaron Simon," ya ce. Ya share maƙogwaro. "Kuma na ji ka, Meshak. Wancan karon ma na ji."